Kama da Wane Ba Ta Wane: Tsarin Ginin Gidan Wightwick da Salon Kwaikwayon Tudor a Ingila

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon hotunan ƙauyukan Ingila, ko a kalanda ko a bangon littafi ko a talabijin, da wuya a ce bai ci karo da wani irin gida mai farin bango da aka ratsa da baƙaƙen katakai ba, wasu a tsaye, wasu a kwance, wasu a karkace. Rufinsa yana da tsini, tagoginsa ƙananan gilasai ne aka harhaɗa, bututun hayaƙinsa kuwa dogo ne a murɗe kamar igiya. Mai kallo yakan ɗauka cewa gidan ya shekara ɗari huɗu ko biyar. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa gidan bai wuce shekara ɗari da ƴan kai ba. An dai gina shi ne da gangan don ya yi kama da na mutanen da. Irin wannan gini shi ake kira salon kwaikwayon Tudor.

Wannan maƙala za ta yi bayanin tsarin ginin ɗaya daga cikin fitattun gidajen wannan salo, wato gidan Wightwick da ke yammacin birnin Wolverhampton a tsakiyar Ingila. Sunan gidan ana furta shi Witik ne, ba yadda rubutunsa ya nuna ba. Za a fara da ginin katako na asali, domin ba a gane kwaikwayo sai an san abin da aka kwaikwaya. Daga nan a duba dalilin farfaɗo da shi, sannan a shiga gidan kansa, a ƙarshe a kawo muhawarar da masana suka yi a kansa. Ana son ɗalibai su lura da yadda ake siffanta baƙon abu da kalmomin Hausa ba tare da an jingina da wani harshe ba.

2.0 Ma'anar sunan Tudor

Tudor sunan gidan sarauta ne da ya mulki Ingila daga shekarar 1485, lokacin da Sarki Henry na Bakwai ya hau gado, zuwa 1603, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta rasu. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, ginin katako ya girmi wannan gidan sarauta da ƙarnuka, kuma ya ci gaba bayan shuɗewarsa. Na biyu, manyan fadoji na wancan zamani ba da katako aka gina su ba. Fadar Hampton Court, alal misali, da jan bulo aka yi ta. Katako kayan ginin attajiran gari ne da manyan manoma da masu ƙasa na karkara, musamman a yankunan da daji ya wadata, dutsen gini kuwa ya yi ƙaranci. Ke nan sunan Tudor da ake laƙaba wa kowane gida mai fari da baƙi suna ne na sauƙaƙa magana. Mutanen baya ne suka raɗa shi.

3.0 Yadda ake ginin katako na asali

3.1 Itacen da ake amfani da shi

Itacen ok shi ne ƙashin bayan wannan gini. Babbar bishiya ce ta ƙasashen sanyi, mai tauri da jure ruwa. In za a kwatanta ta da abin da muka sani, sai a ce matsayinta kamar na maɗaci ne ko ƙirya. Kafintoci sukan sarrafa itacen tun yana ɗanye, saboda da zarar ya bushe sai ya gagari gatari da gizago. Bayan an tayar da gida, itacen yakan ci gaba da bushewa shekara da shekaru, yana tsukewa, yana ɗan murɗewa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tsofaffin gidajen ba su da miƙaƙƙen layi: bango ya ɗan turo, daɓe ya ɗan gangara, ƙofa ta ɗan karkace.

3.2 Haɗa katakai

A ginin ƙasa ko na bulo, bango ne ke ɗaukar nauyin rufi. A nan kuwa katakai ne ke ɗauka, bango cike ne kawai. Za a fara da ɗan gajeren tushe na dutse don raba itace da damshin ƙasa. A kansa a kwantar da gungumen ƙasa, a kafa ginshiƙai a kansa, a ɗaure kawunansu da gungumen sama, sannan a sa tokara a karkace a kusurwoyi don kada ginin ya kwanta gefe guda idan iska ta buge shi.

Ba a haɗa waɗannan katakai da ƙusar ƙarfe. Ƙarfe yana da tsada a lokacin, kuma akwai wani sinadari a jikin itacen ok da ke cin ƙarfe ya sa shi tsatsa. Abin da ake yi shi ne a fere bakin katako ɗaya ya zama harshe, a faƙe gurbi a jikin ɗayan, a zura harshen cikin gurbin, sannan a huda su a buga ƙusar itace. Gwanayen kafintoci sukan ɗan goce hudar harshen daga ta gurbin da gangan, ta yadda idan ƙusar ta shiga sai ta jawo katakan biyu su matse. Har wa yau, ba a wurin gini ake sassaƙar ba. Ana yin ta a filin kafinta, a gwada kowane haɗi a ƙasa, a yi masa lamba da kurfi, a warware, a kwashe zuwa wurin gini a tayar. Lambobin nan suna nan a jikin tsofaffin gidaje har yau, kuma suna cikin shaidun da masana ke dubawa.

3.3 Cike tsakanin katakai

Idan ƙashin gida ya tsaya, sai a cike ramukan da ke tsakanin katakai. Za a kakkafa ƴan sanduna a tsaye, a saƙa tsumagu a tsakaninsu kamar saƙar kwando, a yaɓe ciki da waje da laka da aka kwaɓa da ciyawa da kashin shanu, wani lokaci har da gashin dabbobi. Bayan ya bushe a shafe shi da farar ƙasa. A wasu gidajen, musamman daga baya, da bulo ake cikewa.

Yawan katako alamar arziki ce. A gabashi da kudancin Ingila mai hali yakan sa a jera ginshiƙai kusa da kusa, fiye da abin da ginin ke bukata. A arewa maso yamma kuwa, wato yankunan Cheshire da Lancashire da Shropshire, sai aka fi son raba bango gida-gida, a ƙawata kowane gida da lanƙwasassun katakai masu siffar fure mai kunne huɗu ko ƙashin kifi.

3.4 Bene mai turo goshi

Wata siffa da ke saurin jan ido ita ce yadda hawa na sama ke turowa gaba ya zarce na ƙasa. Masana sun kawo dalilai da dama: ƙarin fili a sama inda filin ƙasa ya yi tsada, kare bangon ƙasa daga ruwan sama, rage lanƙwasar katakan daɓe tunda nauyin bangon sama yana danne bakinsu, da kuma nuna isa. Babu mamaki a ce duka dalilan sun taru.

3.5 Misali: gidan Little Moreton

Gidan da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Little Moreton a yankin Cheshire, wanda aka fara a farkon shekarun 1500, aka yi ta ƙara masa sassa har wajen 1610. Wani kafinta mai suna Richard Dale ya sassaƙa sunansa da shekarar 1559 a kan tagogin da ya yi. A can saman sashen kudu an ɗora wani dogon zaure mai tsawon kimanin mita 21, aka rufe shi da fallayen dutse masu nauyin gaske. Nauyin ya fi ƙarfin abin da ke ƙasa, don haka bangaye suka buɗe, gidan ya karkace, har sai da aka tallafe shi da ƙarfe a ƙarni na 20. A riƙe sunan wannan gida, domin za a sake haɗuwa da shi a gaba.

4.0 Dusashewa da farfaɗowa

Gobarar Landan ta shekarar 1666 ta cinye gidaje fiye da 13,000. Dokar sake gina birnin ta 1667 ta wajabta bulo ko dutse. Ga shi kuma itace ya yi tsada saboda ƙera jiragen ruwa da ƙona gawayi, sannan yayi ya koma ga gidaje masu daidaitattun ɓangarori irin na Rumawa da Girkawa. A ƙarni na 18 gidan katako ya zama abin kunya, har masu shi sukan lulluɓe fuskarsa da bulo ko yaɓe don kada a gane.

To, me ya dawo da shi? Amsar tana cikin juyin masana'antu. Ƙidayar 1851 ta nuna cewa, a karo na farko, mazauna birane a Ingila sun fi mazauna karkara yawa. Biranen cike suke da hayaƙi da cunkoso da jerin gidaje iri ɗaya. Sai begen tsohuwar Ingila ya kama masu ilimi da masu kuɗi, Ingilar da suke ganin ta fi natsuwa, inda maigida ya san barorinsa, mai sana'a kuma yake aiki da hannunsa. Ko ta taɓa kasancewa haka, wannan wata magana ce. Littafin zane-zanen tsofaffin gidaje da Joseph Nash ya wallafa tsakanin 1839 da 1849 ya ƙara rura wutar. Soke harajin gilashi a 1845 da na bulo a 1850 da na tagogi a 1851 ya sauƙaƙa gina manyan tagogi da dogayen bututun hayaƙi. Daga tsakiyar ƙarni na 19 masu zanen gini irin su George Devey da Richard Norman Shaw suka shiga haɗa katako da bulo da dutse a gida ɗaya, don ya fito kamar an gina shi sannu a hankali cikin ƙarnuka. A birnin Chester ma, da yawa daga gine-ginen fari da baƙi da baƙi ke ɗauka hoto a yau aikin ƙarni na 19 ne.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da launin kansa. A zamanin Tudor yawanci ba a shafa wa katako baƙi. Akan bar shi ya koɗe ya yi ruwan toka, ko a shafe shi da farar ƙasa tare da bangon. Baƙin fenti da kwalta sun yaɗu ne a ƙarni na 19. Wato mutanen wannan ƙarni ba su tsaya ga kwaikwayon tsoho ba, sai da suka sake wa tsohon kama don ya dace da yadda suke zatonsa.

5.0 Gidan Wightwick

5.1 Mai gida da mai zane

Theodore Mander ɗan gidan masu masana'antar fenti da man ƙyalli ne a Wolverhampton, birnin da ke bakin yankin da ake kira Baƙar Ƙasa saboda kwal da hayaƙin maƙeru. A 1887 ya sayi tsohuwar gonar Wightwick, kimanin kilomita 5 yamma da tsakiyar birni. A filin akwai tsohon gida na ainihi, kuma bai rushe shi ba. Yana nan har yau kusa da sabon. Ya ɗauko Edward Ould, mai zanen gini daga Liverpool, wanda ya koyi aiki a Chester a hannun John Douglas, ya kuma yi suna wajen sanin ginin katako.

An gina gidan a mataki biyu. Sashen farko an fara shi a 1887, don zaman iyali. Sashe na biyu, na gabas, an ƙara shi a 1893, don baƙi da taro: babban zaure, ɗakin cin abinci, ɗakin wasan biliyad da ɗakunan kwanan baƙi. Tazarar shekara shida ce kacal tsakaninsu, amma an tsara su ta yadda mai kallo zai zaci zuriya da zuriya ne suka yi ta ƙari.

5.2 Siffar waje

Sashen 1887 ya fi sauƙin ado. Yawancinsa jan bulo ne, da katako a sama wajen goshin rufi, da wata hasumiya mai haƙora a kai kusa da ƙofar shiga. Sashen 1893 kuwa nan Ould ya baje kolinsa. A kan tushen jan dutse ya ɗora bango mai fari da baƙi, ya raba shi gida-gida da ado irin na arewa maso yamma, yana ɗaukar darasi daga tsofaffin gidaje irin su Little Moreton. Ana iya lissafa siffofin da suka haɗu suka ba gidan kamarsa kamar haka:

(a) goshin rufi masu kusurwa uku, manya da ƙanana, waɗanda ba a jera su daidai wa daida ba;
(b) allunan da aka sassaƙa wa ado, masu bin gefen kowane goshi;
(c) sassan sama masu turowa gaba;
(d) tagogi masu faɗi da aka raba da sanduna, wasu sun kumburo waje, an cike su da ƙananan gilasai da aka ɗaure da darma;
(e) dogayen bututun hayaƙi na bulo, wasu a murɗe.

Kowace siffa a nan tana da asalin amfani a tsohon gini. Ƙananan gilasai sun samo asali ne daga lokacin da ba a iya yin babban falle ba. Bututun hayaƙi mai ado ya fito ne lokacin da samun murhu a kowane ɗaki sabon abu ne da ake alfahari da shi. A 1893 babu ɗaya daga cikin waɗannan larurori da ya rage. An zaɓe su ne don abin da suke tunasarwa.

5.3 Siffar ciki

Zuciyar gidan ita ce babban zaure. Tsayinsa ya kai hawa biyu, katakan rufinsa a buɗe suke ana ganinsu, yana da baranda a sama a gefe guda, da wani faffaɗan murhu mai lungu da mutum zai iya zama a cikinsa. An tsara shi ya yi kama da zauren tsohon gidan sarauta wanda jikoki suka gyara suka mayar wurin hutawa. Ke nan har tarihin gyare-gyaren ma ƙirƙirarsa aka yi.

A 1884 Theodore Mander ya halarci wata lacca da marubuci Oscar Wilde ya gabatar a Wolverhampton kan ƙawata gida, kuma ana ganin tasirinta a zaɓin kayan ciki. Takardun bango da yadudduka na kamfanin William Morris ne, har wasu ɗakuna sun ci sunan zanen da ke jikinsu. Morris kansa bai taɓa zuwa gidan ba. Sayen kayan aka yi. Gilasai masu launi aikin Charles Kempe ne, fale-falen bakin murhu na William De Morgan, fitilun ƙarfe kuwa na W. A. S. Benson.

5.4 Zamani a ɓoye

Ambaton fitilu ya kawo mu ga wani muhimmin batu. Gidan da ya yi shigar ƙarni na 16 yana da wutar lantarki da bututun ɗumama ɗakuna tun farkonsa, a lokacin da yawancin gidajen Ingila ba su da ko ɗaya. Haka ma gidan Cragside da Norman Shaw ya faɗaɗa wa Lord Armstrong daga 1869, wanda ya yi suna a matsayin gida na farko da aka haskaka da lantarkin ƙarfin ruwa. Masu waɗannan gidaje ba sanyi da duhun zamanin Tudor suke bege ba. Rigarsa kawai suka ara.

6.0 Yadda ake bambance na asali da na kwaikwayo

Gidajen wannan salo ba darajarsu ɗaya ba, ana iya kasa su uku. Akwai waɗanda katakonsu ke ɗauke da nauyi da gaske kamar na da. Akwai waɗanda aka yi wa haɗin katako na ƙwarai da itacen ok, amma aka mara masa baya da bangon bulo, saboda dokokin kashe gobara da neman ɗumi; manyan gidajen ƙarshen ƙarni na 19 da yawa haka suke. Sai kuma na ƙasa, inda siraran alluna kawai aka buga da ƙusa a kan bulo aka shafa musu baƙi.

Mai lura zai iya yi wa gida tambayoyi huɗu. Shin layukansa sun miƙe sarai, ko sun ɗan karkace? Shin jikin katakon yana da sawun gizago, ko sumul yake irin na injin yanka? Shin ƙusoshin itacen suna daidai inda haɗi yake, ko an warwatsa su don ado? Shin katakon da ake gani a waje ana ganinsa daga ciki? Idan tokara ba ta tokare komai ba, to ado ce.

7.0 Yaɗuwa da muhawara

Salon bai tsaya a Ingila ba. Kamfanin su Ould ya gina wani gida mai suna Bidston Court a 1891, shi ma bisa samfurin Little Moreton, kuma ana danganta shi da fadar Cecilienhof da aka kammala wa yariman Jamus mai jiran gado a Potsdam a 1917. A wannan fada ce shugabannin Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka yi taron Potsdam a 1945. A Amurka attajirai sun gina irinsa, kamar gidan Stan Hywet a jihar Ohio, tsakanin 1912 da 1915. A Landan an gina kantin Liberty a 1924 da katakan tsofaffin jiragen ruwan yaƙi guda biyu. Tsakanin 1919 da 1939 an gina gidaje kimanin miliyan 4 a Birtaniya, kuma ɗimbinsu a unguwannin bayan gari an manna musu ƴan alluna baƙaƙe a goshi. A 1938 mai zanen barkwanci Osbert Lancaster ya yi wa salon laƙabin ba'a, ya kira shi Tudor ɗin dillalan hannun jari.

Masu suka suna da hujja. Tun 1849 John Ruskin ya koyar da cewa gini ya faɗi gaskiya game da abin da aka yi shi da shi da abin da ke ɗauke da nauyinsa. William Morris, wanda ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, ya yi yaƙi da masu gyaran da ke ƙirƙiro tsufan ƙarya. Bisa wannan ma'auni, katakon da ba ya ɗaukar komai yaudara ce. Wasu kuma suka ƙara da cewa kuɗin masana'anta ne ke neman asalin da ba shi da shi: mai fenti ya gina gidan da zai sa a ɗauke shi jikan masu ƙasa.

Masu kare salon su ma ba su rasa ta cewa ba. Na farko, Mander bai ɓoye wa kowa shekarar gininsa ba. Duk garin sun ga ana aikin. Na biyu, irin waɗannan ayyuka ne suka raya sana'ar sassaƙa da haɗin katako da gilashi mai launi a lokacin da inji ke neman kashe su. Na uku, babu salon gini da ba ya aro daga na gabansa. A ganin mai wannan rubutu, ba a yi adalci ba idan aka auna Wightwick da gidan da aka manna wa alluna da ma'auni ɗaya. Tambayar da ta fi amfani ita ce: an fahimci abin da aka kwaikwaya, an kuma yi aikin da kyau?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Damagaram da Kano ana ganin gidajen siminti da aka yi wa zanko da zanen dagi, alhali babu tubali ko azara a jikinsu. Ko wannan raya gado ne ko kwaikwayo, muhawara ɗaya ce da ta Ingila.

8.0 Adana gidan

Theodore Mander ya rasu a 1900. Ɗansa Geoffrey Mander, wanda ya wakilci gabashin Wolverhampton a majalisar dokoki daga 1929 zuwa 1945, ya miƙa gidan ga National Trust a 1937. Wannan ƙungiya ce mai zaman kanta da aka kafa a 1895 don adana wuraren tarihi. Gidan bai wuce shekara 50 ba a lokacin, kuma a shekarun nan ƴan boko raina kayan zamanin Sarauniya Victoria suke yi, don haka karɓarsa abu ne da ba a saba ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1938, Little Moreton ma ya shiga hannun ƙungiyar. Kwafi ya riga asali samun mai kula da shi. Geoffrey da matarsa Rosalie sun ci gaba da zama a gidan, suna tara zane-zanen masu fasahar ƙarni na 19 irin su Rossetti da Burne-Jones. Gidan yana cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen da dokar Ingila ta kare.

Babban abokin gabar irin wannan gini shi ne ruwa. Yakan shiga ta tsagar da ke tsakanin katako da yaɓe. Idan cikon na farar ƙasa ne, damshin yakan fita da kansa. Idan aka toshe da siminti ko fenti mai hana numfashi, sai ruwan ya maƙale, katako ya ruɓe daga ciki, ƙwaro ya samu wurin zama. Maginanmu sun san irin wannan: bangon ƙasa da aka yi wa makuba yana daɗewa, wanda aka lulluɓe da siminti kuwa yakan riƙe damshi har yaɓen ya ɓanɓaro. Saboda haka masu gyara a yau suka koma ga farar ƙasa da haɗin katako irin na da. Da tsohuwar zuma ake magani.

9.0 Kammalawa

An ga cewa ginin katako na asali tsari ne da larura ta haifar: itacen da ke kusa, ƙarancin ƙarfe, ƙanƙantar gilashi. An kuma ga cewa ƙarni na 19 ya ɗauki siffofinsa ya ba su sabon aiki, wato tunasar da wani zamani da ake bege. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma gaskiya ne Wightwick ba gidan zamanin Tudor ba ne. Amma yanzu ya haura shekara 130, ya zama tsohon gida shi ma, kuma abin da yake ba da shaida a kai shi ne tunanin attajiran masana'antu na zamanin Victoria: abin da suka ji tsoron rasawa, da abin da suka so a ɗauke su.

Kalmomin da za a lura da su

Ginshiƙi: katakon da ke tsaye yana ɗauke da nauyi.
Tokara: katakon da aka sa a karkace don hana gini kwanciya.
Harshe da gurbi: fereren bakin katako da ramin da yake shiga.
Goshin rufi: ɓangaren bango mai kusurwa uku da ke ƙarƙashin rufi mai tsini.
Darma: ƙarfe mai taushi da ake ɗaure ƙananan gilasai da shi.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin aikin bango a ginin katako da a ginin tubali.
2. Kawo dalilai uku da suka sa aka farfaɗo da ginin katako a ƙarni na 19.
3. Wace hujja ce ta fi ƙarfi a ganinka, ta masu suka ko ta masu karewa? Kafa dalili.
4. Zaɓi wani tsohon gida a garinku, ka siffanta wajensa da cikinsa a shafi ɗaya, kana bin tsarin sashe na 5.